Bututun da ya shekara 60 a cikin ƙasa: tsufa ne ke fasa shi?

Tambaya: Ina jin labarin bututan mai da na gas da na ruwa waɗanda aka binne tun shekaru 50 ko 60 da suka wuce, kuma har yau ana aiki da su. Shin ba su da wa'adi ne? Tunda ba a ganinsu, ta yaya injiniyoyi ke sanin cewa ba za su fashe ba?

Amsa: Malam, babu wata rana da aka rubuta wa bututun ƙarfe cewa ita ce ƙarshen aikinsa. Idan ka yanko guntun bututun da aka binne a 1960, wanda tsatsa ba ta taɓa shi ba, ka kai ɗakin gwaji aka ja shi da inji, za ka tarar ƙarfinsa na nan kamar ranar da ya fito daga masana'anta. Abin da ke sauyawa shi ne kaurin jikinsa idan tsatsa ta ci, ko tsagar da ta ɓullo tana girma, ko loɓawar da wani ya yi masa, ko ƙasar da yake kwance a kai idan ta motsa. Shi ya sa mu masu wannan aiki idan aka kawo mana maganar wani bututu ba ma fara tambayar shekarunsa. Abin da muke fara tambaya shi ne: me aka sani game da halin da yake ciki, yaushe aka sani, kuma da wace hanya aka sani? A wurina bututun da ya shekara 60 ana bibiyarsa ya fi wanda ya shekara 15 babu mai takardunsa kwanciyar hankali.

Bari mu fara da lissafin da komai ya rataya a kansa. Abin da ke cikin bututu yana tura bangonsa waje, bangon kuma yana riƙewa. Matsin da bututu zai iya ɗauka ya danganta da abubuwa uku: ƙarfin ƙarfen, kaurin bangon, da faɗin bututun. Ka ninka ƙarfin ƙarfe da kauri, ka ninka sau biyu, ka raba da faɗi. Ɗauki bututu mai faɗin inci 24, wato milimita 610, kaurinsa milimita 9.5, da aka ƙera da ƙarfe mai daraja X60, lambar da ke nuna ƙarfin ƙarfen. Lissafin zai ba ka kusan bar 129 (bar ma'aunin matsi ne) kafin ƙarfen ya fara miƙewa. Amma ba a yarda a kai shi can. A wurin da babu jama'a, ƙa'idar da aka fi bi ita ce kada a wuce kashi 72 cikin 100 na wannan adadi, wato wajen bar 93. Idan bututun gas ne kuma ya ratsa tsakiyar birni mai benaye, sai a sauko har kashi 40 cikin 100, ko a ƙara kaurin bango. Wannan tazarar da aka bari ita ce jarin bututu, kuma duk wata cuta da za ta same shi daga cikinta take ci. Da tsatsa za ta cinye rabin kaurin nan a faɗin wuri mai yawa, ƙarfinsa zai sauko wajen bar 65, alhali ana tura masa 93. Ka ga ba sai an jira wani abin mamaki ba.

Akwai abu biyu da wannan lissafi ke bayyanawa. Jan da ke zagaye bututu ya ninka jan da ke bin tsawonsa sau biyu, shi ya sa idan matsi ya fasa bututu tsagar takan bi tsawonsa ne. Sannan zurfin ramin tsatsa shi kaɗai ba ya ba da labari. Ƙaramin rami mai zurfi, idan lafiyayyen ƙarfe ya kewaye shi, yakan huje ne ya riƙa yoyo. Doguwar tsatsa marar zurfi sosai wadda ta bi tsawon bututu ta fi shi haɗari, domin ita ce ke kawo fashewa gaba ɗaya. Duk da haka, ramin da ya ci kashi 80 cikin 100 na kauri ba a tsayawa yi masa lissafi, gyara ake yi.

Gas kuma halinsa daban. Mai da ruwa ba sa matsuwa sosai, da zarar bututu ya buɗe matsin ya faɗi. Gas kuwa an danne shi ne, yana ɗauke da ƙarfi mai yawa, kuma yana ci gaba da tura bakin tsagar tana gudu. Dalilin ke nan da ya sa ake gwada sabon bututu da ruwa, ko da na gas ne: idan zai fashe, gara ya fashe da abin da ba zai yi jifa da ƙarfe ba.

To sai tsatsa. Daga waje kariya biyu ake yi wa bututu, kuma kowace tana rufa wa 'yar'uwarta asiri. Ta farko rufi ne da ke raba ƙarfe da danshin ƙasa: a da kwalta ake shafawa ko a naɗe da tef na roba, yanzu kuma an fi amfani da garin ifoksi, wani sinadari mai kama da roba, da ake narkawa a jikin bututu mai zafi, wani lokaci a ɗora masa roba mai kauri. Babu rufin da ba ya samun ƙwarzane. A wuraren da ya ƙwarzanu sai kariya ta biyu ta karɓi aiki, wato kariyar lantarki. Ana tura ɗan ƙaramin lantarki ta cikin ƙasa zuwa jikin bututun, ko a binne dunƙulen tutiya ko magnesiyam a haɗa su da waya, su riƙa cinyewa a maimakonsa. Dabarar ta tsufa, Humphry Davy ya gwada ta a jikin jiragen ruwan Ingila tun 1824. Waɗannan 'yan sandunan da kake gani a tsaye a kan layin bututu, wasunsu wurin awo ne: ma'aikaci yakan buɗe ya sa mita, yana neman ya ga aƙalla milibolt 850 a ɓangaren ƙasa da sifili.

Ga inda gizo ke saƙar. Idan tef ɗin roba ya saki jiki ya ɗago daga ƙarfe ba tare da ya yage ba, ruwa zai shige ƙarƙashinsa, amma lantarkin ba zai iya ratsa robar ya isa wurin ba. Mita za ta nuna komai lafiya, tsatsa kuwa na can tana cin karenta babu babbaka. Shi ya sa ba na yarda da wanda zai ce min awon lantarkinsa ya yi kyau don haka bututunsa lafiya lau. Sai na ji irin rufin da ke jikin bututun tukuna.

Maƙwabtaka ma tana kawo tsatsa. A birnin Guadalajara na ƙasar Meksiko, bututun ruwa mai rufin tutiya ya kwanta a jikin bututun fetur na ƙarfe. Ƙarafa biyu mabambanta a cikin danshi, sai tsatsa ta huda su, fetur ya malala cikin magudanar ƙazantar birnin. Ranar 22 ga Afrilun 1992 tituna masu tsawon kilomita da dama suka tashi, mutum fiye da 200 suka mutu.

Daga ciki kuwa, ruwa ne babban abokin gaba. Busasshen gas ba ya cin ƙarfe, ɗanyen mai ma shi kaɗai ba ya ci. Amma idan ɗan ruwa ya biyo su ya kwanta a wurin da bututu ya yi kwari, ya haɗu da gishiri da iskar kabon da ƙwayoyin cuta masu rayuwa ba tare da iska ba, sai ya fara cin ƙasan bututun. Haka ta faru kusa da Carlsbad a jihar New Mexico ta Amurka a watan Agustan 2000. Bututun gas mai inci 30 ya fashe a gefen kogin Pecos, wutar ta kashe mutum 12 da suka yada zango a wurin. Bincike ya gano ruwa ne ya daɗe yana taruwa a wani sashe da na'urar share ciki ba ta iya bi.

Yanzu ga ainihin tambayarka, yadda ake ganin abin da ke binne. Hanya mafi ƙarfi ita ce na'urar leƙen ciki, wadda ake sakawa a bututu mai ko gas ɗin da ke gudu ya tura ta, ta yi tafiyar kilomita ɗaruruwa tana ɗaukar bayanai. Iri-iri ce. Wata tana cika bangon bututu da maganaɗisu, duk inda ƙarfe ya ragu sai maganaɗisun ya tsallako ta ji shi. Wata tana aika sautin da kunne ba ya ji ta auna dawowarsa, ita ce ta fi iya kama tsaga, amma irinta ta gargajiya tana bukatar ruwa ko mai tsakaninta da bango, don haka a bututun gas sai an yi wata dabara. Wata kuma yatsu gare ta masu shafa bango, tana neman loɓawa da lanƙwasa. Bayan ta fito sai a zaɓi wurare a haƙa, a auna da hannu, a ga ko abin da ta faɗa gaskiya ne. Idan aka sake tura ta bayan wasu shekaru aka kwatanta, sai a san saurin da tsatsar ke ci, a kuma ƙiyasta lokacin da ya rage.

Hanya ta biyu ita ce gwajin ruwa: a tsayar da aiki, a cika bututu da ruwa, a matsa shi ya kai aƙalla ninki 1.25 na matsin da zai yi aiki da shi, a bar shi na sa'o'i. Duk aibin da ya kusa kaiwa gargara zai fashe a nan. Rauninta shi ne ba ta gaya maka komai game da ƙananan aibobin da suka tsallake, su kuwa za su ci gaba da girma. Hanya ta uku, ga bututun da ba a iya saka masa na'ura, ita ce a bi saman ƙasa da kayan awo a nemo inda rufi ya lalace, a haƙa a duba.

Abin da nake so ka riƙe shi ne kowace hanya cutar da take gani daban. Na'urar maganaɗisu ta yau da kullum gwana ce wajen tsatsa, amma siririyar tsagar da ta bi tsawon bututu takan wuce ta ba ta gani ba. Awon saman ƙasa ba shi da labarin walda. Wanda ya yi gwajin da bai dace da cutar ba ya ce bututunsa lafiya, daidai yake da likitan da ya auna maka hawan jini ya sallame ka a kan ba ka da ciwon suga.

San Bruno, a jihar Kalifoniya, shi ne misalin da ba ya fita a raina. Ranar 9 ga Satumbar 2010 bututun gas mai inci 30 ya fashe a tsakiyar unguwa, mutum 8 suka mutu, gidaje 38 suka ƙone ƙurmus. An binne sashen a 1956, don haka mutane da yawa suka ce tsufa ne. Amma da hukumar binciken haɗurra ta Amurka ta duba, sai ta tarar takardun kamfanin sun ce bututun ba shi da ɗinkin walda a tsawonsa, alhali gajerun guntaye ne aka harhaɗa, kuma ɗinkin wasunsu daga waje kawai aka yi masa walda, ba ta ratsa kaurin duka ba. Tun ran gini tun ran zane, aibin yana nan. Ba a taɓa yi wa sashen gwajin ruwa ba, domin dokar da ta wajabta hakan ta yafe wa bututan da aka shimfiɗa kafin 1970. Binciken da kamfanin ya zaɓa yana yi kuwa na neman tsatsar waje ne, wanda ba zai taɓa ganin walda mai rauni ba. Kuskuren takarda ya haifi kuskuren gwaji. Bayan fashewar ma sai da aka shafe minti 95 kafin a tsayar da gas ɗin, saboda bawul ɗin, wato makullan da ke tsayar da gudun gas, da hannu ake rufe su.

A shekarar 2010 dai, a watan Yuli, wani bututun ɗanyen mai ya fashe kusa da garin Marshall a jihar Michigan, fiye da lita miliyan 3 suka zuba har cikin kogin Kalamazoo. Wannan karon na'ura ta ga cutar. Tun 2005 binciken ciki ya nuna tsage-tsage a wurin, a ƙarƙashin tef ɗin da ya saki jiki, amma aka raina girmansu aka bar su ba a haƙa ba. Da ya fashe, ƙararrawa ta kaɗa a ɗakin sa ido, ma'aikata suka ɗauka gurbi ne kawai ya samu a cikin man da ke bututun, suka sake kunna injinan turawa har sau biyu. Sai bayan fiye da sa'o'i 17 aka gane, kuma wani ne daga waje ya kira ya faɗa. Mafi yawan man da ya zuba a wancan sake kunnawar ya zuba. Tun daga nan nake ganin doka ɗaya ta fi kowace na'ura daraja a ɗakin sa ido: idan ba ka iya bayyana dalilin faɗuwar matsi ba, ka rufe, kuma kada ka buɗe sai an je an gani. Ka kuma sani cewa na'urorin gano yoyo, masu kwatanta abin da ya shiga da abin da ya fita, ba su cika jin ƙaramin yoyo ba. Wanda bai kai kashi 1 ko 2 cikin 100 na abin da ke gudu ba yakan ɓace a cikin kuskuren mita.

Sai kuma cutar da ba ruwanta da shekaru ko kaɗan, wato haƙoran katafila. Mugun abin da ke tattare da ita shi ne sau da yawa bututun ba ya fashewa a ranar. Haƙori ya loɓa shi, ya karce shi, direba ya ga babu abin da ya fito ya mayar da ƙasa ya yi shiru. Ƙarfen da ke ƙasan karcen ya taurare ya yi 'yan tsage-tsage, hawa da saukar matsi na yau da gobe su ƙarasa aikin. A Ghislenghien ta ƙasar Beljiyam, injin masu gine-gine ya raunata babban bututun gas, bayan makonni ya fashe ranar 30 ga Yulin 2004, mutum 24 suka mutu, ciki har da 'yan kwana-kwana da wani ɗan sanda da suka zo duba yoyon. Masu huda bututu don satar mai ma a wannan sahu suke, kuma mutum 137 da suka mutu a Tlahuelilpan ta Meksiko a Janairun 2019 sun ishe mu shaida.

Motsin ƙasa ba zan daɗe a kansa ba, illa in ce ana iya shirya masa. Bututun Alaska mai tsawon kusan kilomita 1,300, a inda ya tsallaka tsagar ƙasa ta Denali, an ɗora shi a kan dogayen ƙarafa da zai iya zamewa a kansu. A Nuwamban 2002 girgizar ƙasa mai ƙarfin 7.9 ta gusar da ƙasar wurin mita da dama, bututun ya zame ya bi ta, mai bai zuba ba.

Bututan ruwa an fi sakaci da su saboda ba sa kama wuta, amma nasu matsalolin sun fi yawa. Tsofaffin na zubin ƙarfe sukan rube ta wata hanya mai yaudara: ƙarfen ya narke ya bar baƙin gawayinsa, siffar bututu na nan daram, amma da wuƙa ma za ka kankare shi. Manyan na kankare kuma wayar ƙarfe da aka ɗaure su da ita ce ƙarfinsu, idan wayoyin suka tsintsinke ɗaya bayan ɗaya sai bututun ya buɗe rana ɗaya. Haka aka yi a birnin Calgary na Kanada a Yunin 2024, inda bututu mai faɗin kusan mita 2, wanda ke ɗauke da fiye da rabin ruwan birnin, ya fashe, jama'a suka yi makonni suna tsimin ruwa. Akwai kuma bugun ruwa: idan aka rufe bawul farat ɗaya ko famfo ya mutu, ruwan da ke gudu yakan daki bango. A bututun ƙarfe, duk mita ɗaya a daƙiƙa da aka tsayar nan take tana ƙara matsi da wajen bar 10, lissafin da Nikolai Zhukovsky ya tabbatar a bututan ruwan Mosko a ƙarshen ƙarni na 19. Sannan bututun ruwan da ake buɗewa yau a rufe gobe yana da wata illa: duk lokacin da ya zama fanko, ramin da ke fitar da ruwa ya koma mai zuƙo ƙazantar da ke kewaye. Ruwan kansa ma yana iya cin bututu, kamar yadda aka gani a Flint ta Michigan daga 2014, da aka sauya tushen ruwan birnin ba a sa maganin hana tsatsa ba, dalma ta narke daga tsofaffin bututai ta shiga ruwan sha.

Kada ka ɗauka ina cewa shekarar da aka ƙera bututu ba ta da amfani. Tana gaya mana irin fasahar da aka yi shi da ita. Bututan zubin ƙarfe, da waɗanda aka binne tsirara babu rufi, da waɗanda aka ɗinke da wata tsohuwar waldar lantarki da aka daina amfani da ita wajen 1970, duk muna yi musu kallon tuhuma, kuma da yawansu sauyawa ce maganinsu. Sai dai sauyawar ma aiki ne mai haɗari. A kwarin Merrimack na jihar Massachusetts, a Satumbar 2018, ana cikin maye gurbin tsohon bututun zubi da sabo aka manta da siraran layukan da ke jiyo matsi a jikin tsohon. Da aka cire shi suka ji matsi ya faɗi, sai na'urorin daidaitawa suka buɗe baki ɗaya, gas mai ƙarfi ya afka cikin gidaje. Gine-gine fiye da 100 suka lalace, wani matashi ya rasa ransa.

Idan kana zaune ko kana aiki kusa da layin bututu, akwai abin da ya rage a hannunka. Kada a haƙa rami, ko a kafa ginshiƙi, ko a bi da babbar mota a kan layin sai masu shi sun zo sun nuna daidai inda yake, domin alamar da ke tsaye ba lallai ne tana saman bututun daidai ba, zurfinsa ma yana sauyawa da zaizayar ƙasa. Idan injinka ya taɓa shi, ko da ƙwarzane ne a rufi, ka faɗa kafin a mayar da ƙasa. Ciyawar da ta bushe a wuri ɗaya alhali kewayenta kore ne, ko kumfa a ruwan da ke kwance, ko ƙurar da ke tashi daga ƙasa, ko ƙara kamar huci, duk alamun yoyo ne. Kada ka dogara da hanci, domin warin da ka sani na gas ɗin girki zuba shi ake yi, kuma manyan bututan da ke ratsa daji da yawansu ba a sa musu shi. Idan ka ga alama, ka bar wurin da ƙafa kana fuskantar inda iska ke fitowa, kada ka tayar da mota ko babur, kada ka taɓa makunnin lantarki, sai ka yi nisa sosai sannan ka kira lambar da ke jikin alamar layin.